Sista Torika, wadda ta fitar da ni waje

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma, babba da yaro. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, da hantsi, Sista Torika Seruvou ta rasu a asibiti a nan Labasa, garinmu da ke kan tsibiri, bayan jinyar kwana tara, tana da shekara sittin da takwas. Ina murza roti, gurasarmu, a kicin sai Afroza ta shigo da wayarta a hannu. Ba ta nuna mini saƙon ba. Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta kamar mai duba bugun jini, alamar da kurame suka raɗa miki a matsayin suna, Sista, sannan ta kifar da tafin hannunta a hankali. Na kashe murhu na zauna a ƙasa.

Waɗanda suka ƙaunace ki tun farko sun yi maganarsu a coci da bakin kabari, kuma sun faɗi gaskiya. Ni ba na cikinsu. Shekara bakwai na yi ina zarginki, ina cin abinci da ke ina zarginki, ina gaishe ki ina zarginki. Ba zan ɓoye wannan don kin mutu ba, domin malamar da ta koya mini karatu ta hana mu yi wa rayayye ƙarya, balle mamaci.

Afroza ɗiyar ƙanwata ce. Zazzaɓi ya tafi da jinta tana da shekara biyu, mahaifiyarta ta rasu tana da huɗu, ta dawo hannuna. Makarantar kurame ta koya mata maganar hannu, ni kuma na koya a wurinta. Tun daga nan ni ce bakinta, ni ce kunnenta. A asibiti ni ake tambaya inda ke mata ciwo, a kasuwa ni ke yin cinikin ɗinkinta. Sau da yawa kafin ta gama motsa hannu na riga na ba da amsa, ina ganin sauƙi nake yi mata.

Ke kuwa kin yi shekara talatin da ɗoriya kina karɓar haihuwa. Da kika ajiye aiki kika ce kin gaji da karɓar jarirai daga cikin waɗanda su ma ba su gama girma ba. Ke da Masta Vijendra, tsohon malamin makaranta, kuka aro rumfar kwanon da masu yankan rake ke taro a ciki, kuka buɗe ajin Asabar. Shi ya ɗauki samari, ke kika ɗauki 'yan mata, ana koya musu abin da ya shafi balaga da al'ada da ciki da cututtuka, da wanda ke da ikon taɓa jikin mutum da wanda ba shi da shi. Kafin ku fara kin kai saiwar kava wurin mai gari, gaisuwar da al'adarku ta tanada, kin zauna da fasto, kin zauna da malamin Hindu, kin zauna da limaminmu. Duk wannan bai kwantar wa matan masallacinmu hankali ba. Wata ta ce daga Suva, babban birni, aka turo ku, wata ta ce daga Ostareliya, wata ta ji an ce ana raba wa yara abubuwa a takarda, wata ta ce ƙarshenta dai coci za a kai su. Da yake ni ke koya wa 'yan mata Alƙur'ani da tsarki, sai aka ce in je in gano musu. Na ɗauki Afroza, tana da shekara sha tara a lokacin, don a ce ita na rako.

Ina shiga kika gane ni. Kika jawo kujera da ƙafa, kika yi magana da harshenmu na gida, Indiyancin nan naki da ya fi na 'ya'yanmu kyau.

"Bahini, zo nan gaba. Daga baya ba a jin abin kai rahoto da kyau."

Bahini, wato ƙanwa. Da shi kika kira ni har ranar ƙarshe.

Abin da na gani a rumfar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ga 'ya'yan Musulmi, ga na Hindu, ga na ƙauyukanku na 'yan asalin tsibirin. Ga makauniya da sandarta, ga wata da aka turo a keken guragu, ga wadda kowa a unguwa ke ce wa mai taɓin hankali, an ba ta wuri kamar kowa. Kafin ki zaunar da yaran ƙauye sai kin tambayi kowace wane ne wane a wurinta, don kada ki haɗa yarinya da dangin da ba a irin wannan magana a gabansu. Kina faɗin sunayen gaɓoɓin jiki kamar mai lissafin kayan miya, ba dariya ba ɗaure fuska. Ni kuma ina tsaye gaban Afroza ina fassara mata. Idan ana maganar wanka da abinci hannuna yana tafiya. Da an shiga abin da ke ƙarƙashin tufafi sai hannun ya yi nauyi, in ce mata Sista ta ce a kula da tsafta.

Asabar ta uku kika tsaya a tsakiyar magana kika dube ni.

"Bahini, na yi minti biyar ina zuba, hannunki ya motsa sau biyu. Ko dai maganar kurame ta fi tamu sauri, ko akwai ɓarawo a hanya."

'Yan mata suka fashe da dariya. Na ce miki a hankali akwai abin da ba ya fita daga hannun mai alwala.

"To hannun mai alwala ya je waje ya sha shayi, akwai a buta."

Haka kika fitar da ni a gaban yaran da nake koya wa karatu. Na zauna a gindin mangwaro ina leƙe ta tsagar kwano. Kin jawo allo, kin ɗauko 'yar tsana, kina haɗawa da 'yan alamun da kika iya, kina kuskure Afroza na gyara miki. Daga baya na ji sau biyu a mako kike hawa bas ki je wurin wani malamin kurame a cikin gari, da furfurarki. Bayan Afroza kawai nake iya hangowa daga inda nake, amma ina ganin kafaɗunta, hannunta na gudu irin gudun da bai taɓa yi a gabana ba. Wannan ya fi korar yi mini ciwo.

Da na koma wurin matan masallaci na faɗi gaskiya daidai gwargwado. Na ce ban ga an raba komai ba, ban ji an ambaci coci ba. Sannan na ƙara da cewa an dai fitar da ni waje, kuma ban san dalili ba, alhali na sani. A makon nan aka janye 'yan mata goma sha ɗaya daga ajinki. Kin san daga inda abin ya fito, ba ki taɓa yi mini maganarsa ba. Afroza kuwa ta ƙi a janye ta, ta yi kwana biyu ba ta cin abinci, na ƙyale ta.

Bayan kamar wata guda, ran nan da yamma ina dawowa daga ta'aziyya, na hango motar Munsami a ƙofar gidanki. Munsami maƙwabcinmu ne, Hindu, yana da a-kori-kura mai rufin tanti, shi ke kai Afroza kasuwa da kayan ɗinkinta duk ranar Laraba. Yana tsaye kansa a sunkuye, kina nuna shi da yatsa kina magana ƙasa-ƙasa. Afroza na zaune a barandarki, idonta ja, ba takalmi a ƙafarta. Kika ce mini ba komai, in tafi, za ki rako ta.

Washegari kika zo gidana. Kika ci shinkafa da miyar kabewa, kika ce barkonona zai kashe ki kafin hawan jini ya samu dama. Da kika wanke hannu kika roƙe ni abu biyu. Na farko, Afroza ta riƙa zuwa wurinki kullum daga la'asar zuwa magariba tana koya miki maganar hannu. Na biyu, kada in matsa mata da tambaya. Na ce la'asar ai lokacin da take kai wa wani dattijo a dangin mijina abinci ne, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a bayan shago, kuma aikin lada ne. Kika ce in kai da kaina, ƙafata lafiya lau. Na rufe ƙofar kicin na tambaye ki wa ya taɓa ta.

"Ba a kai ga abin da kike tsoro ba. Sauran nata ne. Mace ce baliga, kuma ta ce kada in faɗa."

"Ni ce uwarta, Sista."

"Na sani, Bahini."

Daga nan zuciyata ta yanke hukunci ba shaida ba alƙali. Na ga mota, na ga namiji da kai a ƙasa, na ga yatsarki, me ya rage? Ban taɓa ambaton sunan Munsami ga kowa ba, domin ina tsoron zunubin harshe. Amma na hana Afroza shiga motarsa, na ce ƙura ta yi yawa a ciki. Idan ya gaishe ni sai in kalli gefe. Matarsa ta aiko mana da alewar madara ranar bikin fitilunsu kamar yadda ta saba, na mayar da farantin ba a taɓa ba. Matan layinmu suka tambaye ni ko lafiya, na yi shiru na taɓe baki. Kafin damina ta wuce babu mai sa 'yarsa a motar nan. Harshena bai yi komai ba, fuskata ce ta yi aikin duka.

Kin lura. Wata rana a kasuwa, muna tsaye wajen masu gwaza, kika ce mini duk wanda nake zato in sake shi, domin ban sani ba. Sai na tuna Munsami yana kawo miki itace kyauta, na ce a raina ashe rufa masa asiri kike yi. Afroza ma ta gwada sau ɗaya. Muna kicin ta taɓa kafaɗata, ta ɗaga hannu da wata irin fuska da ban saba gani ba. Na ce mata shinkafa na ƙonewa, na juya wajen murhu. Wanda ya zauna da kurma ya san abin da juya masa baya ke nufi. Ba ta sake gwadawa ba. Dattijon nan kuwa ni na ci gaba da kai masa abinci, har bayan wata biyu ya ce zai koma Auckland, can ƙasar waje, wurin ɗansa. Na haɗa masa kwalba uku na yajin mangwaro, na raka shi filin jirgi ina hawaye. A can ya rasu shekara uku da suka wuce, na yi masa sadaka.

Alherinki gare ni bai yanke ba a duk shekarun nan, kuma kowanne sai da na juya shi na duba bayansa. Da guguwa ta yaye mana rufi, ke kika fara isowa da buhun gwaza da rogo a kai, kina tafe cikin laka, na ce a raina me take nema. Da mijina ya kwanta ciwon ajali, kina zuwa kullum da safe ki juya shi ki wanke masa gyambon baya, ki tsokane shi cewa ya fi jarirai raki, har ya yi dariya. Na ce ko so kike a gani. A gidanki akwai wata tukunya mai jan zare a mariƙi da naman alade bai taɓa shiga ba, saboda mu kika ajiye ta, da sabuwar tabarma a bayan ƙofa don sallata. Har wannan sai da na shinshina. Ina kallo Afroza ta koyi zuwa asibiti ita kaɗai da takarda da biro, ta koyi cinikin ɗinkinta, ta tara kurame bakwai a ajin Asabar tana taya ki koyarwa. Ina murna, ina kuma jin kamar an raba ni da wani abu nawa, kuma ke ce kika raba ni da shi.

Rana ta bakwai da kwanciyarki na je asibiti. Kin rame, amma idon nan yana nan. Na jira 'ya'yanki suka fita, na matso kusa na ce, Sista, kada ki tafi da sirrin nan.

"Ba kayana ba ne, Bahini. Mai kayan tana gidanki tana cin rotinki mai tauri." Kika yi tari, kika kamo hannuna kika juya shi kamar za ki yi mini allura. "Ba ƙin faɗa miki ta yi ba. Jira take ta ga ko hannun nan ya warke."

Na fita ina jin haushinki. Abin da ya shiga tsakaninmu na ƙarshe ke nan.

Mun kai tabarmi gidan makoki kamar kowa, bisa al'adarku, aka binne ki ranar Asabar a ƙauyenku. Bayan an watse Masta Vijendra ya tara mu a inuwa, ya ce shi zai ci gaba da samari, amma ajin 'yan mata sai dai a rufe, babu mai riƙe shi. Afroza ta karanci bakinsa. Ta rubuta masa a wayarta cewa ita za ta riƙe, masu ji da kurame duka, murya kawai take bukata. Sannan ta juyo gare ni da hannu, ta kira ni Khala, wato 'yar'uwar uwa.

"Khala, duka za ki faɗa. In kika tsallake kalma ɗaya zan gani a leɓenki."

Asabar da ta biyo baya na shiga rumfar nan, karo na farko tun ranar da kika kore ni. Afroza ta tsaya a gaban allo, na tsaya a inda take ganin bakina. Tana motsa hannu ina faɗa. Ina da shekara hamsin da huɗu, kuma a ranar na furta kalmomin da ko a gaban mijina ban taɓa furtawa ba. Gumi ya jiƙa mini mayafi. A tsakiyar abin na tuna littattafanmu na tsarki sun ambaci duk waɗannan ba tare da kunya ba, ni ce dai nake karantar da su da harshen da yara ba sa ji, in wuce da sauri. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, Afroza ta buga tebur da tafin hannu kamar yadda kike yi, aji ya yi tsit. Ta yi awa ɗaya da rabi, idonta bai bar bakina ba.

Muna komawa gida ta gefen layin dogo da ake jigilar rake a kai, rana na sama, sai ta tsaya ta ajiye jakarta. Ta taɓa kafaɗata, da fuskar nan ta ranar kicin. Wannan karon na tsaya na kalle ta har ta gama.

Dattijon ne. Wanda nake zuba wa abinci a kwano mai murfi in ɗora mata a hannu in ce ta yi sauri kada ya huce. Ya fara da alewa da 'yan kunne, ya koma riƙe hannu, ya koma sa sakata. Ya rubuta mata a takarda cewa wa za ta gaya wa, tunda Khalarta ce bakinta, kuma Khalarta durƙusa masa take yi. Sai da ta zauna a ajinki, bayan an fitar da ni, ta san abin yana da suna kuma tana da ikon ƙi. Ranar da ya sake sa sakata ta ture shi ta fito da gudu ba takalmi. Munsami na wucewa ya gan ta. Bai iya maganar hannu ba, bai tambaye ta komai ba, ya buɗe mata ƙofar mota, ta yi masa nuni da hanyar gidanki. Abin da na hango a ƙofarki gargaɗinsa kike yi ya riƙe bakinsa saboda mutuncin yarinya. Sannan kika sa tsohon farin kayanki na aiki kika je bayan shago da kanki, kika gaya wa dattijon cewa yanzu Afroza tana da wani kunnen, kuma wannan kunnen ya san hanyar ofishin 'yan sanda duk ranar da ta ce a je. Abin da ya kai shi Auckland ke nan.

Washegari da safe na cika faranti da alewa na je gidan Munsami. Ya tsufa, ya sayar da motar tuni. Na tsaya a tsakar gida na faɗa masa abin da na yi zato da abin da fuskata ta jawo masa, na roƙi gafararsa. Ya daɗe yana kallon farantin kafin ya karɓa.

"Bahini, Sista ta ce in yi shiru. Ba ta ce har yaushe ba."

Matarsa ba ta fito ba, kuma tana da gaskiya. Ina bin gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya ina gyara abin da na ɓata, saura huɗu. Afroza ta karanta wannan rubutu kafin kowa. Ta ce sunan dattijon kaɗai zan bari, kada in tsallake sauran.

Sista, ke kin tafi a kan addininki, ni ina kan nawa, kuma an koya mini iyakar abin da zan roƙa. Ba zan ƙetare ta ba, ke ma da kin yi mini dariya in na gwada don in faranta miki. Abin da zan ce, kin koma ga Ubangijin da rahamarSa ta yalwaci kowane abu, wanda ba a tauye wa kowa ko ƙwayar zarra a wurinSa. Shi ba zato yake yi ba, sani yake yi. Shaidata ita ce kin riƙe amanar yarinya kurma har kabari, kin haƙura da zargina alhali kalma ɗaya ta ishe ki wanke kanki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Sairusi da ɗiyarki Ulamila da jikokinki shida, da mutanen ƙauyenku, da Masta Vijendra, da duk yaran da suka zauna a rumfar nan. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sanyaya zukatanku, ya tsare muku zuriya kamar yadda ta tsare 'ya'yan mutane. Ni kuma Allah ya yafe mini zaton da na yi, ya sa waɗanda na zalunta su yafe mini kafin tawa ta zo. Amin.

Ajin yana nan duk Asabar da ƙarfe tara, a rumfar masu yankan rake. Na ji an ce har yanzu akwai iyayen da hankalinsu bai kwanta ba, suna neman wadda za su aiko ta gano musu. Su aiko ta. Kujerar tana nan a gaba inda kika bar ta.